Igiyar Jirgin Baba Mamudu

Duk wanda ya zauna a unguwar Akwatialine ta Kumasi a shekarun nan ya san gidanmu, amma ba don mu ba, don jirgin. Ni Barkisu, koko da ƙosai nake sayarwa a bakin ƙofa, gidan kuwa na mahaifin mijina Yusif ne. Amma ko mai kawo mana gawayi ka tare a hanya ka ce ina za ka, sai ya ce maka gidan mai jirgi. Ka ji fa. Gidan surukina sukutum, an ɗauki sunansa an ba ɗan haya saboda wani kwalekwale. Har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Mai jirgin shi ne Baba Mamudu. Basarke ne, wato masuncin ƙasar Yawuri, can bakin Kwara a Nijeriya. Tun yana saurayi ya biyo ruwa yana gangarowa daga wannan kogi zuwa wancan har ya zauna a Yeji, bakin Volta, ya auri Hamamatu, Bagwanjiya, suka haifi 'ya ɗaya tak, Safiatu. Dogo ne, baƙi, mai faɗin tafin hannu, ba ya da yawan magana. Mma Hamamatu kuwa 'yar ƙarama ce, idan suna tafiya tare sai ka rantse kayansa ce ya ɗauko.

Jirgin ba wani babba ba ne. Ɗan kwalekwale ne na mutum ɗaya ko biyu, da kansa ya sassaƙa shi daga rimi don kada ya yi nauyi. An huda shi a hanci an huda a gindi, an zura igiya a kowace huda an yi mata mariƙi, yadda mutum biyu za su kama su ɗaga. A Yeji haka suke yi kullum: shi ya kama gaba, ita ta kama baya, su sauke shi bakin ruwa. In sun shiga shi ya tuƙa, ita ta kwashe ruwa da ƙoƙo ta tsinci kifi daga koma.

Da aka datse Volta, ruwa ya taso ya cinye tsohon garin, kogi ya koma wani tafki marar iyaka, da matattun itatuwa a tsaitsaye a ciki suna yaga koma. Iska in ta taso sai manyan jirage. A lokacin Safiatu ta riga ta yi aure a Atonsu, nan Kumasi. Sai wani direba ya ce wa Baba Mamudu ai kusa da Kumasi ma akwai tafki, Bosomtwe, kifi kamar ƙasa. Bawan Allahn nan bai ƙara tambayar kowa komai ba. Ya ji ruwa, ya ji kifi, shi ke nan, ya ɗora jirgi a kan motar doya ya ɗauko matarsa.

Mma Hamamatu ce ta ba ni labarin ranar da suka je tafkin, muna tankaɗen gero. Ta ce ruwan a cikin wani ƙaton rami yake, gangara ce mai tsayi, suka ciccibi jirgin suna sauka suna hutawa har suka kai bakin gaɓa. Dattawan ƙauyen, Asantawa, suka tarbe su da mutunci, aka ba su kujera aka ba su ruwan sha. Sannan aka gaya musu a hankali cewa wannan ruwa ba a sa masa jirgin da aka rarake cikinsa, ba a kuma sa masa ƙarfe. Haka suka gada. Masuntan wurin a kan wani falankin icce suke hawa, padua suke ce masa, su tuƙa da hannu. In yana so a ba shi ɗaya ya koya.

Na ce mata to sai ya yi musu bayani mana, ya ce daga nesa ya zo. Ta ce ko kalma. Wai shi ɗan ruwa ne, ya san ba a shiga ruwan mutane da gardama, su ma a Kwara akwai wuraren da baƙo ba ya jefa koma. Ya durƙusa ya wanke fuskarsa, ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya miƙe ya kama igiyar gaba, ita ta kama ta baya, suka hau gangaren nan da jirginsu a bushe. Ta ce ciwon bayanta a ranar ya samo asali.

Haka jirgi ya zo ya tare a tsakar gidanmu, a kan bulo biyu, ƙarƙashin rumfar kwano, dab da madafina. Baba Mamudu ya samu aikin ɗaukar katako a Anloga. Kafintocin can sun sha tsokanarsa, wai ya kawo su yi masa benci da shi, ko akwatin zannuwan matarsa. Sai ya yi murmushi kawai. Ni kuwa ban taɓa ɓoye nawa ba. Wurin shanyata ya cinye, ƙaurina ya sha bugu, kajina suka mayar da cikinsa wurin ƙwai. Na sha ce masa Baba, in ba za a hau abin nan ba a faskara shi in dafa koko, rimi ma ai yana ci. Sai ya ce mini, "Barkisu, kwana yake yi, bai mutu ba." Abu ɗaya mutumin nan yake so a duniya, kowa a gidan ya sani: ya sake ganin jirgin nan a kan ruwa, shi da matarsa a ciki.

Za ka ce jirgin da ba ya zuwa ko'ina me zai cinye igiyarsa? To ba ka san gidan haya ba ne. In ana suna a matsar da jirgi, in ana biki a matsar da jirgi, in an yi rasuwa a fitar da shi lungu a shimfiɗa tabarmi. Yara su yi lilo da mariƙin, ɓeraye su gurgura, ga danshin Kumasi da ba ya barin komai. Kafin shekara ta zagayo igiya ta yi baƙi ta fara tsittsinkewa. Shi ya sa kowace shekara yake sake ta, ya kuma bi jikin jirgin da kwalta yana toshe duk inda ya ga tsaga.

Ba ya sayen igiyar kasuwa. Ta roba da ta fara shigowa ma ya ce tana yanka hannu, kuma ba ta jin ƙulli. Ramar igiya yake saya wurin mutanen arewa, ya jiƙa, ya daddake ta da tabarya har ta yi laushi, ya zauna a kan turmina ya naɗe wando, yana murzawa a cinya yana tufkawa. In ta yi kauri sai ya yanke tsohuwar, ya goge hudar da tsumma, ya zura sabuwar, ya nannaɗe inda hannu zai kama da siririn zare, ya shafe da man kaɗe. Amma ba ya ƙulle mariƙi sai ya auna da hannun wanda zai ɗauka. Ya ce haka ake yi a wurinsu: in ya yi faɗi hannu zai zame jirgi ya faɗi, in ya matse zai ci yatsu. Na gaba ya auna da nasa. Na baya sai ya kira Mma Hamamatu, ta baro tukunya tana mita, wai hannunta na bara shi ne na bana. Ya ce ba shi ba ne. Ta zura hannu, ya ja igiya a hankali har ta zauna, ya daɗe riƙe da yatsunta fiye da yadda aikin yake bukata, sannan ya ƙulle. Mu matan gida mu yi ta ƙunshe dariya.

Sai ga shekarar nan, ƙarshen sittin da tara, cikin azumi. Rediyo ta ce duk baƙon da ba ya da takardar zama ya bar ƙasa cikin mako biyu. Wata sabuwar kalma ta shigo Zango, wai eliyan. Mutumin da ya haifi 'ya'ya a nan ya aurar, ya binne iyaye a nan, ya wayi gari shi eliyan ne. Mu da aka binne cibiyarmu a Kumasi ma sai da muka tsorata, ni dai auren Yusif, Badagombe ɗan ƙasa, ya rufa mini asiri. Layinmu ya koma kasuwa. Gadaje, kekunan ɗinki, tukwane, duk a waje, ana sayarwa kamar kyauta, mata suna kuka da ƙishirwar azumi.

Baba Mamudu ba ya da ko guntuwar takarda. Da ruwa ya shigo ƙasar, wa zai ba shi takarda a tsakiyar kogi? Amma wallahi a duk layin shi kaɗai na ga fuskarsa ta saki. Ranar da ya ji sanarwar ya dawo daga Anloga da damin rama a kai, alhali lokacin sake igiya bai yi ba. Ya ce mini Kwara tana nan inda ya bar ta, ba wanda zai ce masa kada ya sa jirgi. Ya yi ta ba ni labarin tsibiran Yawuri, da yadda ruwa yake yin ja in ya taso, da giwan ruwa da sai mutum biyu suke ɗaga shi. Tun da na san shi ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon ta ranar ba. Ya ajiye kwanon ruwa a gefe yana tsoma yatsa, don da azumi ba halin ya lasa zaren da baki yadda ya saba.

Abin da bai ambata ba shi ne matarsa. Ita 'yar ƙasa ce, ba wanda ya kore ta. Safiatu kuma tana da tsohon ciki a Atonsu, bayan ɓari da ta yi ta yi a baya, ƙafafunta sun kumbura, unguwarzoma ta ce kada ta ɗaga ko bokiti. Kullum Mma Hamamatu tana can tun safe, sai dab da shan ruwa take dawowa. Miji zai tafi, 'ya tana tsakanin rai da mutuwa, ita kuwa mutum ɗaya ce.

Ya gama mariƙin gaba ya ƙulle. Na baya ya zura igiya ya bar bakinta biyu a sake suna reto. Bai kira ta ba. Gari ya waye ya faɗi, ya sake wayewa, igiya tana nan a sake. Ita ta wuce ta gefen jirgin da tulu ta kau da kai, shi ya zauna a kan turmi yana gyaran filafilinsa, abin tuƙin nan, wanda ba abin da ya same shi. Duk gidan muka daina hayaniya a tsakar gida. Ni ba na iya irin wannan zama, raina ya ɓaci, na same shi na ce Baba, wai ku ba ku da baki ne? Kwanaki suna ƙarewa, ka tambayi baiwar Allahn nan ko za ta bi ka ko ba za ta bi ka ba, kowa ya huta.

Ya ce, "In na tambaye ta da baki za ta ce to. Ba ta taɓa ce mini a'a ba. Shi ya sa ba zan tambaya ba."

Na koma madafi na huce a kan tukwane.

Ana gobe motar masu komawa Nijeriya za ta tashi, da hantsi, Mma Hamamatu ba ta je Atonsu ba. Ta fito daga ɗaki ta tsaya a gindin jirgin, ta zura hannunta tsakanin igiyoyin nan biyu ba tare da ta dube shi ba. Ya taso, ya ja igiya har ta zauna a kan yatsunta. Kafin ya ƙulle ta ce masa:

"Maigida, ƙulle. Amma iyakata bakin mota. Ba zan iya barin yarinyar nan a haka ba."

Ya tsaya da igiya a hannu. Ina leƙensu ta tagar madafi. Sannan ya ce ai ya sani, da ta ce za ta bi shi ma da shi zai hana ta. Ƙarya yake yi, Allah ya yafe masa, ni da ita duk mun san ƙarya yake yi. Ya ƙulle, ya shafa man kaɗe, ya yanke abin da ya yi saura. Ita ba ta zare hannunta ba sai da aka kira azahar.

Washegari suka ɗauki jirgin, shi gaba ita baya, suka bi ta cikin Zango har tasha, ni ina biye da ƙunshin kayansa a kai. Mutane suna cikin tashin hankalinsu amma sai da suka tsaya kallo. A tasha kuwa ba masaka tsinke. Manyan motocin katako, an cusa mutane a tsaye, tsofaffi da masu goyo, wasu a kan rufi. Direban ya dubi jirgin ya dubi Baba Mamudu, bai ma yi faɗa ba, ya nuna masa wata tsohuwa da ake ƙoƙarin ɗagawa a saka, ya ce Baba, in na ɗauki wannan icce mutum nawa zan sauke? Ni da bakina na buɗe zan yi masa tijara, sai na fasa. Gaskiyarsa ce.

Baba Mamudu bai roƙa ba, kamar dai yadda aka ce ya yi a Bosomtwe. Ya ce wa direban ya riƙe masa wuri, ya juya ya kama igiyar gaba. Suka komo da jirgin gida, suka ɗora shi a kan bulonsa, ya gyara masa zama ya ja rumfa ta rufe shi sosai. Ya ce wa matarsa in Safiatu ta sauka lafiya, ƙura ta lafa, zai zo ya ɗauke su, ita da jirgin. Ni kuma ya ce mini don Allah kada in bari kajina su koma ciki, kada kuma a kwance mariƙin gaba, hannunsa ne. Filafilin kawai ya saɓa a kafaɗa. Ya hana ta sake raka shi, ta tsaya a bakin ƙofa kusa da teburin kokona har ya sha kwana.

Safiatu ta sauka lafiya bayan ƙaramar salla, namiji, aka sa masa sunan kakansa. Jikinta bai yi ƙarfi da wuri ba, sai uwar ta dawo da su ɗakinta a nan gidanmu. Mma Hamamatu ba ta iya kiran sunan yaron, Maigida take ce masa. Labarin Baba Mamudu kuwa shiru, sai sau ɗaya da wani falken goro ya ce ya gan shi a bakin Kwara, ya rame, yana tufka wa masu jirage igiya. Wai wani lokaci su ba shi aron jirgi ya ɗan zagaya ya dawo. Mma Hamamatu ta yi ta tambayarsa ko yana cin abinci, ko yana da bargo, mutumin bai san komai ba bayan abin da ya faɗa. Tun daga nan kullum da la'asar sai ta share cikin jirgin da tsintsiya. Ni ma na daina rataya tsummokarana a hancinsa, ba don kowa ya ce in daina ba.

Daminar saba'in ta zo da ƙarfi. Wata ranar Laraba tun da safe aka tsuge, bai ɗauke ba har bayan azahar. Rafin Aboabo ya cika ya tumbatsa, gwatocin layinmu suka toshe, ruwa ya shigo ta ƙofar gida ja wur da shara da komai. Kafin mu ankara ya kai gwiwa, ya fara shiga ɗakuna. Mazan duk suna kasuwa. Ina ta kwasar buhun gerona ina zagin duk wanda ya zuba bola a gwata, sai na ji wani ƙara a bayana, ƙurum, kamar an buga turmi.

Jirgin ne ya tashi daga kan bulonsa. Ya juya a hankali, ya fito daga ƙarƙashin rumfa, yana tafiya a tsakar gidanmu kamar ya san hanya, ya nufi ƙofa. Mma Hamamatu ta faɗa ruwa da zanenta ta cafke igiyar baya, hannunta ya shige daram. Ni na yar da buhu na kama ta gaba, hannuna yana ta yawo a cikin mariƙin, sai da na haɗa da ɗayan. Igiyar ko gezau. Ta kira Safiatu ta miƙo jaririn da katifa da zannuwa, muka shimfiɗa a ciki muka kwantar da shi, muka ja jirgin ƙarƙashin rumfa muka tsaya riƙe da shi. Yaron da yake ta tsala ihu a ɗaki, jirgi na fara lilo da shi ya yi shiru, har ya yi barci.

Mun daɗe a tsaye cikin ruwan nan. Can sai ta sunkuya, ta zura hannu ƙarƙashin katifar ta shafa cikin jirgin tun daga tsakiya har gindi. Ta fito da hannun ta duba, ta nuna mini. A bushe yake. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ni da na yi shekaru ina neman a faskara abin nan.

Ta ce, "Barkisu, bai yi yoyo ba. Ko ɗigo. Wa zai je ya gaya masa?"